Mudun Saye Daban, na Sayarwa Daban: Wa Ya Cancanci Kaɗa Ƙuri'a?

Ranar Asabar na je aski a shagon da na saba zuwa fiye da shekara goma. Ɗan ƙaramin shago ne, kujera biyu da benci ɗaya, sai wata tsohuwar rediyo a saman kanta da ba ta hutawa. Ana cikin labarai aka ambaci rajistar katin zaɓe. Nan take wani matashi da ake gyara wa gemu, wanda na san bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya ce: "Wallahi da ni ke da iko, duk wanda ba shi da takardar sakandare ba zai sake dangwala ƙuri'a a ƙasar nan ba. Su ne suke jawo mana bala'i."

Na saci kallon mai askin. Bai taɓa zama ajin firamare ba. Allo ya yi a Gabas, ya dawo ya kama sana'a, da ita ya gina gida ya aurar da 'ya'ya uku. Reza na hannunsa, daidai maƙogwaron mai maganar. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ɗan ɗaga haɓarka, samari."

Wani ɗan kasuwa da ke jiran layi a kan benci ya karɓe: shi ba wannan ce damuwarsa ba. Mutum ya taso daga wata jiha ya zo cin kasuwa, ya kama haya a Sabon Gari, sannan a ce shi ma yana da bakin zaɓa wa Kanawa gwamna? Na kusa da shi ya yi dariya ya ce ai mu ma 'yan Kudu cewa suke da 'yan Nijar da yara ƙanana muke cika akwati.

Na fito daga shagon kaina fes, raina a dagule. Kowa a wurin yana da jerin mutanen da yake so a fitar daga layin zaɓe, kuma babu wanda shi ko 'yan gidansu suka faɗa cikin jerin da ya tsara.

Matsayina shi ne, sharuɗɗan da doka ta gindaya sun isa, kada a ƙara ko ɗaya, kada kuma a sassauta ko ɗaya ta bayan fage. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce nan. Mun zama kamar 'yan awon da aka gargaɗe mu a kansu tun muna makarantar allo: in za mu saya mu cika mudu har da tozo, in za mu sayar mu ɗauko wanda aka bubbuge gindinsa. Hujjar da za ta rage ƙuri'un abokin hamayya muna karɓarta ba bincike. Wadda za ta taɓa namu, sai mu ce makirci ne.

Abin da aka rubuta

Sashe na 77 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ɗan Najeriya da ya cika shekara 18, kuma yana zaune a Najeriya lokacin rajista, yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta fayyace inda zai yi rajistar: wurin da yake zaune, ko inda yake aiki, ko asalin garinsu, kuma ya je da kansa. Ba a yarda ya yi sau biyu ba.

Shi ke nan. Babu maganar takardar makaranta, babu rasit na haraji, babu takardar shaidar ɗan asalin jiha, babu addini ko yare. Wanda aka nemi shaidar karatu daga gare shi shi ne ɗan takara, shi ma matakin sakandare ko abin da ya yi daidai da shi.

"Jahili bai san abin da yake zaɓa ba"

Bari in ba matashin nan haƙƙinsa, don maganarsa ba daga sama ta faɗo ba. Ya ga ana raba taliya da sabulu da turmin atamfa. Ya ga ejan na jam'iyya ya tsaya bayan rumfa yana leƙen inda tsohuwa ta dangwala kafin ya miƙa mata dubu biyu. Ya yi digiri, ya zauna gida ba aiki, yana ganin ƙuri'arsa guda ta nutse cikin ɗari da aka saya. Duk wanda ya ce wannan takaicin ba shi da tushe bai taɓa tsayawa a rumfar zaɓe ba.

Inda muka rabu da shi shi ne a kan wanda ya ɗora wa laifin. Tsohuwar ta sayar da ƙuri'a ɗaya. Wa ya kawo tirelar taliyar? Wa ya zauna da lauyoyi ya tsara yadda za a yi? A 2021 wata kotu a Akwa Ibom ta yanke wa wani farfesa ɗaurin shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓen 2019 da aka ba shi amanar tattarawa. Farfesa fa. Da biro guda ya yi abin da matan ƙauye dubu ba za su iya ba ko da an ba kowacce buhun shinkafa. In takarda ce ke hana cin amanar ƙuri'a, da ba a kai nan ba.

Sannan wa muke kira jahili? Mahaifiyata ba ta iya rubuta sunanta da boko. Tana karanta Alƙur'ani, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma rediyo ba ta barin gefen tabarmarta. Ta san kuɗin tiyar gyaɗa a zamanin kowane shugaba tun daga Shagari. Ta san wace gwamnati ce ta kawo famfo layinmu da wadda a zamaninta ya ƙafe. In ta je asibiti aka ce babu magani, ba ta buƙatar mai digiri ya fassara mata. Na sha ganin 'yan boko irina suna zaɓen mutum don ya iya Turanci a muhawarar talabijin. Ita kuwa tambayarta ɗaya ce: "Da ya riƙe wancan muƙamin, me ya yi?" Ban ga ta inda ma'aunina ya fi nata ba.

Ita ce ma ta sa wannan magana take yi mini ɗaci. Ƙuri'arta ta farko ta shugaban ƙasa a 1979 ta kaɗa, ta nemi hoton mabuɗi na PRP ta dangwala, maƙwabciyarta kuma ta bi gida da masara na NPN, suka dawo tare suna tsokanar juna. Shekara ashirin kafin nan, a zaɓen 1959, matan Kudu sun yi zaɓe, matan Arewa an ce su zauna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka ƙarƙashin NEPU. Hujjar da aka kafa wa mata a lokacin ita ce dai wadda na ji a shagon aski: ba su waye ba, ba su san komai ba, wani ne zai juya su.

In aka ƙara ja da baya, tsarin Gwamna Clifford na 1922 ya ba da kujeru huɗu kacal na zaɓe, uku a Legas, ɗaya a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Duk faɗin Arewa babu mai ƙuri'a ko ɗaya, da malami da attajiri da basarake. A Amurka ma jarrabawar karatu aka riƙa fakewa da ita ana korar baƙaƙen fata daga rumfunan zaɓe a jihohin kudancin ƙasar, har sai da dokar 1965 ta taka wa abin burki. Duk inda aka kafa irin wannan shinge, wanda ya riga ya shige ciki ne yake auna tsayinsa.

Kuma ina so matashin nan ya yi lissafi ɗaya. In aka ce sai mai takardar sakandare, wane yanki ne zai fi asarar masu zaɓe? Yankin da ya fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, wato namu. Gwamnatin da ta kasa gina aji ita ce za ta ci ribar rashin ajin, domin waɗanda ta hana karatu ba su da sauran hanyar hukunta ta. Ɗan siyasar da ya san mutanen ƙauye ba su da ƙuri'a, me zai kai shi ƙauye da rijiya?

Baƙo da ɗan gari

Ɗan kasuwar kan benci shi ya fi ba ni mamaki, domin na san ƙaninsa yana sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, can ya yi aure, can 'ya'yansa suke makaranta.

A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 Peter Obi ya zo na ɗaya a Legas da 'yar tazara, ƙasa da ƙuri'a dubu goma. Kafin zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris sai aka fara jin barazana a fili, ana cewa wanda ba ɗan gari ba ya zauna a gida, kuma a ranar an ga an kori mutane daga wasu rumfuna don kamanninsu ko harshensu. Da yawa daga cikinmu nan Arewa mun ɗaga kafaɗa, muka ce tsakaninsu ne. To amma wanda ya tsaya bakin rumfa da gora yana tantance ɗan gari, ranar da lissafinsa ya nuna Hausawan Agege da Idi-Araba ba sa tare da shi, su zai juyo wa.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Shekara nawa muka yi muna kuka a kan Jos ta Arewa, inda Bahaushen da aka haifi kakansa a garin tun zamanin haƙar kuza ake ce masa baƙo? Rikicin Nuwamban 2008, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, daga zaɓen ƙaramar hukuma ya tashi. In mun ce Bahaushen Jos yana da haƙƙin zaɓen shugaban ƙaramar hukumarsa saboda nan yake kwana, nan yake biyan haraji, nan zai binne iyayensa, da wane baki za mu ce Ibon da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu na makarantun kuɗi, ba shi da wannan haƙƙin a Fagge? Laifi tudu ne.

Akwai abin dubawa a tsoron da 'yan gari suke ji, ban musa ba. Ƙaramar ƙabila da ta ga baƙi sun fi ta yawa a ƙasar kakanninta tana fargabar sarautarta da gonakinta da harshenta. Wannan fargaba ta gaske ce, a Filato take ko a Legas ko a Kano, kuma izgili ba ya maganinta. Sai dai sarautar gargajiya da gadon gona suna da nasu dokokin. Gwamna da ciyaman kuwa kwata da asibiti da kasuwa suke riƙe da su, kuma ambaliya in ta zo ba ta tambayar takardar asali. A shekarun 1950 mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu. Muna son ba da wannan labari don nuna cewa a da ana zaman lafiya. Ban cika jin mai tambaya ko mu za mu iya yin irinsa yau ba.

'Yan Nijar

Zargin cewa da 'yan Nijar muke cika akwati duk zaɓe sai ya dawo. Ya ƙara ƙarfi a farkon 2019 da gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin Buhari a Kano. Ni a ganina zuwan nan kuskure ne, ko da zumunci ne ya kawo su, domin ya ba masu zargi abin nunawa. Kuma gaskiya ne iyakar tana da faɗi, mutum zai karya kumallo a Jibiya ya ci abincin rana a Maraɗi babu wanda ya tambaye shi takarda. Ɗan Kudu da ya ce a tabbatar baƙo bai shiga rajista ba, bai zagi kowa ba. Doka ce ta ce ɗan ƙasa kaɗai.

Amma wane ne ɗan ƙasa? Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wato yaron da aka haifa a Maraɗi uwarsa Bakatsiniya, ɗan Najeriya ne cikakke. Wanda kuma aka haifa a Kano, iyaye da kakanni duk 'yan Nijar, haihuwar kaɗai ba ta ba shi ba. Ba a gane wannan a fuska, ko a tsagar kumatu, ko a yadda mutum yake furta kalma. Mai cewa ya ga "'yan Nijar" a layi, yawanci rawani da doguwar riga ya gani.

Mun taɓa ganin inda wannan wasa yake kaiwa. A Janairun 1980 gwamnatin NPN ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin GNPP, aka tsallaka da shi Chadi aka ajiye, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa, yana kan kujerarsa. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, aka dawo da shi. 'Yan Arewa ne suka yi wa ɗan Arewa wannan, don yana jam'iyyar adawa. Duk lokacin da na ji an ce wane ba ɗan ƙasa ba ne ana gab da zaɓe, shi nake tunawa, sai in nemi a nuna mini takarda.

Yaron da ke gabana a layi

A nan kuma dole in juya mudun a kaina, domin a wannan gaɓar masu sukarmu sun fi mu gaskiya.

A wani zaɓe da ya wuce ina tsaye a layi a filin wata firamare, ƙarƙashin darbejiya, rana ta fara zafi. Mutum uku a gabana akwai wani yaro cikin babbar riga wadda kana gani ka san ta yayansa ce, ya naɗe hannuwanta sau biyu. Na san shi. Na san gidansu, na halarci sunansa, kuma in na yi masa alheri in ce ya kai sha biyar. Kati na hannunsa, da hotonsa a jiki. Ya juyo ya gan ni, ya ɗan rusuna: "Kawu, ina kwana." Na ce, "Lafiya lau, ya mutanen gida?" Shi ke nan abin da na ce. Na san inda gidansu suka karkata, can nake ni ma. Ya dangwala ya wuce, na dangwala na wuce. Da yamma ina cikin masu zagin maguɗin da aka ce an yi a wata jiha.

Ba ni kaɗai ba ne. Bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairun 2018 hotunan bidiyo na yara suna dangwale sun zagaye ƙasa. A ƙarshen 2022, da hukumar zaɓe ta baje rajista a intanet don kowa ya duba, mutane sun yi ta zaƙulo fuskokin da ko makaho ya shafa ya san na yara ne. Hukumar da kanta ta ce ta soke sababbin rajista sama da miliyan 2.7 da ba su inganta ba, galibi na masu yi sau biyu, sannan bayan ƙorafin jama'a ta sake cire sunaye sama da dubu 53. Rajistar ta tsaya a mutum miliyan 93.4.

Amsoshin da muke bayarwa na san su, don na sha bayar da su. Muna cewa yaranmu ba sa samun abinci mai gina jiki, ɗan shekara ashirin sai ka ɗauka ɗan sha huɗu ne. Har wani babban jami'in 'yan sanda a Kano ya faɗi makamancin haka a zaɓen 2023. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tsumburewa matsala ce a Arewa, kuma mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarunsu kintace ne. Muna kuma cewa ai a Kudu ma ana rubuta sakamako a ɗakin otal. Wataƙila haka ne. Amma yaron da ke gabana ba tsumburarre ba ne, yaro ne, kuma satar wani ba ta halatta tawa. Na'urar BVAS tana duba yatsa da fuska ta tabbatar mai katin ne ya zo. Ba ta san shekaru ba. Wanda ya san shekarun yaron shi ne ubansa, da mai unguwa, da ni da na ci tuwon sunansa.

Wani zai ce, to me ya sa sha takwas? Yaron da yake noma, yake ciyar da uwarsa, wani ma an yi masa aure, me ya rage masa? Tambaya ce mai kyau. Lambar ba wahayi ba ce, a da 21 ce, tsarin mulkin 1979 ya sauko da ita. A 2018 ma an rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, bayan matasa sun yi ta matsa lamba. Wanda yake ganin sha shida ta isa, ga hanya nan, ya bi ta majalisa, in an sauya a sauya wa ɗan Bayelsa da ɗan Yobe rana ɗaya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne unguwarmu ta rage wa kanta shekaru a ɓoye.

Waɗanda ba sa layin kwata-kwata

Akwai mutanen da babu wanda ya ambata a shagon aski. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, kotu ba ta kama su da laifi ba. Babbar kotun tarayya a Benin ta ce a 2014 fursunoni suna da haƙƙin zaɓe, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarfafa hakan a 2018, amma aka yi zaɓen 2019 da na 2023 babu akwati a kurkuku. Na fahimci mai tsoron cewa gandiroba zai iya juya ƙuri'ar wanda yake kulle da shi. Wannan matsalar tsari ce, a nemo mata dabara. Mutumin da aka tsare shekara huɗu kan zargin satar akuya shi ya fi kowa buƙatar ɗan majalisa ya san da zamansa.

Mazauna ƙetare kuwa kalmar "yana zaune a Najeriya" ce ta tare su, kuma a Maris na 2022 majalisar tarayya ta ƙi amincewa da gyaran da zai ba su dama. Kuɗin da suke aikowa gida ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Na lura da yawa a nan suna adawa da abin don in an ce ƙetare, likita ɗan Kudu a Landan suke hangowa. Sun manta da 'yan'uwanmu masu fasfo ɗin Najeriya a Jidda da Khartum da Kumasi da Agadas. Maƙwabciyarmu Nijar ta ware wa 'yan ƙasarta na waje kujeru biyar a majalisa tun kafin juyin mulkin 2023. Ni ina goyon baya, da sharaɗin a fara gyara rajistar gida, domin wanda bai iya tsare akwati a mazaɓar Gama ta Kano ba, ban ga yadda zai tsare shi a ofishin jakadanci ba. Amma na yarda wannan ra'ayi ne da mai hankali zai iya saɓa mini a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara lissafin wa za su zaɓa kafin a yanke ko sun cancanta.

Mu Kanawa mun ga yadda hujja take sauya riga. Da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u sama da dubu 165 na zaɓen gwamnan 2023 saboda babu hatimi ko sa hannu a bayansu, ɓangare ɗaya ya ce doka doka ce, ɗayan ya ce ba a hukunta mai zaɓe da sakacin ma'aikaci. Kotun ƙoli ta mayar da ƙuri'un a Janairun 2024. Ina da abokai a kowane ɓangare, kuma na rantse da a ce ƙuri'un na ɗaya gefen ne, da sun yi musayar bakin magana ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ni ma ban cire kaina ba.

Abin da nake ƙoƙarin koya wa kaina yanzu ƙarami ne. In aka kawo mini hujjar hana wani zaɓe, sai in cire sunan mutanen in sa na gidanmu, in sake saurare. "Marasa karatu" ta zama mahaifiyata. "Baƙi" ta zama ƙanin ɗan kasuwar nan a Mile 12. "Yara" kuma, da na mayar da su yaran wata jiha suna dangwala wa wanda ba na so, sai na ji hujjar ta tsaya da ƙafarta, ba ta faɗi ba. Haka na gane wacce ce ta gaskiya a cikin ukun.

Duk wannan cacar baki kuma a kan wa za a cire muke yinta, alhali a 2023 cikin mutum miliyan 93 da ke rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Wanda ya ci, da ƙuri'a miliyan 8.8 ya ci. Layin da muke faɗan ya cika da waɗanda ba su cancanta ba, kusan kashi uku cikin huɗu na masu shi ba su zo ba.

Kafin in bar shagon, bayan matashin ya biya ya fita, na tambayi mai askin ko maganar ta ɓata masa rai. Yana kakkaɓe tawul ya ce, "Haba Malam, yaro ne. Ran zaɓen da ya wuce tun asuba na kama layi, sai azahar na dangwala. Da na dawo na same shi nan ƙofar shago yana danna waya, ya ce mini shi bai karɓo katinsa ba, wai layin karɓa ya yi tsawo."

Ya nuna mini kujera. "Zauna, a rage ko a kwashe duka?"